Masu cewa bincike ba ya kawo wuta, ku zo mu yi magana

Akwai wata magana da nake yawan ji a garin nan na Kaduna da take ci min rai wallahi. Da zarar an ce wani malamin jami'a yana nazarin tarihin siyasar Arewa, ko wani yana nazarin sararin samaniya, sai ka ji an ce to shi ne zai kawo mana wuta? Ni a ganina duhun da muke ciki ma rabinsa daga nan yake. Mai tarihi yana ɗakinsa, mai kimiyya yana nasa, shi kuma wanda zai sa hannu a kwangila ba ya leƙa ɗakin kowa.

Ku tuna watan Oktoba na 2024. An lalata babban layin wutar da ke tasowa daga Shiroro zuwa Mando, rashin tsaro ya hana a shiga daji a gyara da wuri, ana cikin haka ɗaya layin da ke biyowa ta Makurdi zuwa Jos shi ma ya samu matsala, shi ke nan yawancin Arewa ta faɗa duhu fiye da mako guda. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a kwanakin nan ya ga abin tausayi, masu walda zaune kan benci sun naɗe hannu, ga ƙofofi da tagogin mutane jingine ba a ƙarasa ba, mai janareto kuma yana lissafin ko kuɗin aikin zai biya man da zai ƙona, man da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a 2023.

To me ya sa yanki guda mai miliyoyin mutane yake rataye da layi biyu kacal? Wannan tambayar injiniya shi kaɗai ba zai amsa ta ba, dole sai an koma baya. An kammala madatsar Kainji a 1968, a 1972 aka haɗe hukumar madatsun Neja da hukumar lantarki ta ECN aka haifi NEPA, tun daga nan tunanin ya zama a samar da wuta a wasu manyan wurare ƙalilan a riƙa turo ta da dogayen wayoyi, komai kuma a hannun tarayya. Kaduna kuwa a lokacin gari ne na masana'antu, masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri tun 1957, matatar mai ta zo a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana. Wa ya zauna ya yi lissafin wutar da garin zai buƙata bayan shekara 30? Me aka tattauna, me aka yi watsi da shi? Irin wannan ana tono shi ne a takardu, kuma muna da inda ake ajiye su, ga Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar bincike a 1970, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk a cikin garin nan. Da masu mulki suna karanta abin da ake fitarwa daga can da ba za a bayar da kwangilar tashar wutar Kudenda mai megawat 215 tun 2009 sannan a ɓata shekara da shekaru ana kai-kawo kan man da za ta sha ba.

Sai ɓangaren kimiyya, nan ne abin ya fi ba ni takaici. Mutum nawa ne a jihar nan suka san akwai na'urar nukiliya ta bincike a Zariya? Tana cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kusan kilowat 30 ne kawai, ba don ta haska gidan kowa aka kawo ta ba, aikinta a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a gano sinadaran da ke ciki. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi, aka mayar da tsohon zuwa China. Akwai 'ya'yanmu da suka shekara sama da 20 suna kula da irin wannan na'ura, amma in an tashi maganar makamashi a rediyo ba kasafai kake jin muryarsu ba.

Haka tauraron ɗan adam. An harba NigeriaSat-1 a 2003, a 2011 aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi bayan horon da suka samu a Ingila. Mutane su ce almubazzaranci ne. Alhali kogin Kaduna ɗin nan da muke tsallakawa kullum a kan gada in za mu Kakuri ko Barnawa, shi ne yake juya injinan Shiroro mai megawat 600 da na Zungeru mai 700. Yawan ruwan saman da ya sauka daga Filato zuwa nan, da yadda madatsa ke cika ko janyewa, da hanyar da turakun wuta suka ratsa cikin daji, duk daga sama aka fi ganinsu da kyau.

Ko sola da kowa ya koma mata yanzu. Duk mai ita ya san in hunturu ya shigo da safe za ka hau rufi ka shafa yatsa a kan faranti ka ga layi ya fito fes cikin jar ƙura, batir kuma ba ya cika kamar da. Ƙurar nan mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta. Nawa take rage wuta a Kaduna daga Disamba zuwa Fabrairu, sau nawa ya kamata a wanke, da wane ruwa a unguwar da ruwan ma saye ake yi? Wannan aikin masu kimiyyar iska da haske ne, kuma duk wanda zai zuba biliyoyi a gonar sola bai nemi wannan lissafin ba zalunci yake wa talaka.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar su tsara kasuwar wutarsu da kansu, ga bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 zai ratsa ta nan. Abin da nake roƙon gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu shi ne kafin a sa hannu a wata yarjejeniya a ba ABU da jami'ar jiha ta KASU da Kaduna Poly kuɗin bincike na gaske, a haɗa mai tarihi da mai kimiyya da mai tattalin arziki a teburi ɗaya, abin da suka gano kuma a fassara shi da Hausa a karanta a rediyo, mai walda na Panteka ma ya ji ya tofa albarkacin bakinsa tunda shi ne zai biya kuɗin wutar.