Nasiha ga matasan Kano a kan manhajojin adana rubutu

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa. Akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a cikinmu, musamman ɗaliban jami'a da masu koyon aikin kwamfuta, kuma tana cinye mana lokaci. Mutum zai kalli bidiyon wani Bature a YouTube yana nuna yadda ya tsara rayuwarsa kaf a Notion, wata manhajar adana rubutu, nan take ya sauke. Sai ya shafe mako biyu yana ƙawata shafi bai rubuta darasi ko ɗaya ba. Ana haka aboki ya ce masa ai yanzu manhajar Obsidian ake yayi, ya tattara ya koma can. Ranar da jarrabawa ta ƙarato, wani ɓangaren karatun yana Google Keep, wani yana cikin saƙonnin da ya tura wa kansa a WhatsApp, ragowar kuma hotunan allo ne da suka nutse cikin hotunan biki.

Wancan mai bidiyon ba a ɗauke masa wuta, intanet ɗin gidansa ba ya yankewa. Kai kuwa Tecno ko itel ce a hannunka, ma'ajiyarta ta kusa cika, cajin ma sai ka kai wa mai caji a bakin layi, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Don haka kafin ka zuba karatunka a kowace manhaja, kashe data ka gwada buɗe ta ka yi rubutu. Keep da OneNote suna aiki ba intanet, in sabis ya dawo su tura abin da ka rubuta. Obsidian a cikin wayar yake ajiye komai. Notion kuwa ya yi shekaru sai da intanet, sai a 2025 aka fito da damar aiki babu shi, ita ma sai ka riga ka sauke shafukan da kake buƙata.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwacen waya, wanda kowa a garin nan ya san halin da ake ciki. Wayar ana iya sayen wata, amma rubutun shekara uku fa? Idan Obsidian ka zaɓa, ka sani ajiyar cikin waya tana tafiya tare da wayar, sai dai in kana kwafe ta zuwa wani wuri ko kana biyan kuɗin tsarin da ke kai rubutun zuwa sauran na'urorinka. Idan Keep ne, rubutunka yana manne da asusunka na Gmail, kuma a nan da yawa suke tafka asara. Ranar sayen waya a Farm Centre yaron shago ne ya buɗe musu Gmail, shi ya sa kalmar sirri, ba su tambaya ba, ba su rubuta ba. Lambar da aka ɗaura a kan asusun ma wataƙila ta shagon ce. Don Allah ka duba naka yau ɗin nan: ka canza kalmar sirrin, ka sa lambarka, ka rubuta a takarda ka adana a gida.

Ka kuma tuna manhajar kyauta ta kamfani ce, dokarsa na iya canzawa. Mutane sun daɗe suna tara rubutu a Evernote, sai kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye shi, a watan Disambar 2023 kuma aka taƙaita masu amfani da shi kyauta zuwa rubutu 50 kacal. Tun ranar farko ka nemo inda ake fitar da rubutu daga manhajar, ka gwada. Google na da Takeout don wannan aikin.

Batun aikin tarayya ya fi nauyi, domin akwai amana a ciki. Ƙungiyar matasan unguwa, ko ɗalibai masu aikin bincike tare, ko shago a Kantin Kwari mai yara uku, yawanci a zauren WhatsApp ake zuba komai. Wata shida baya a nemi nawa Alhaji wane ya biya na atamfa, a yi ta ja sama cikin saƙonnin murya da barka da Juma'a, ƙarshe a rabu da zargin juna. Allah Ya umarce mu da rubuta bashi a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, rubutun da ba a iya nemo shi kuwa bai biya buƙatar ba. Teburi ɗaya a Google Sheets, manhajar jera lissafi, ya wadatar da lissafin yawancin shaguna da ƙungiyoyi. In ayyuka ne ake rabawa, wane zai yi kaza zuwa rana kaza, manhajar Trello na da sauƙin koyo. Manyan tsare-tsaren irin waɗannan manhajoji na biya ne, da dala ake lissafa su, kuma a kan kowane mutum duk wata, ku ninka da yawanku kafin ku yi ɗoki.

Wajen zaɓe ku duba wanda ya fi kowa ƙaramar waya da ƙarancin sani a cikinku, domin in bai iya shiga ba, kowa WhatsApp zai koma. Sannan kada ku bari bayanan ƙungiya su zauna a asusun sakatare na kansa. Gobe yana iya tafiya bautar ƙasa, ko a sami saɓani ya fita da komai. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiyar, mutum biyu amintattu su riƙe kalmar sirri. Fayil mai ɗauke da sunayen mutane da lambobinsu da bashin da ake binsu, kada a sa shi a tsarin da duk mai mahaɗin zai iya buɗewa; a zaɓi waɗanda za su gani ɗaya bayan ɗaya, wanda ya bar aiki kuma a cire shi a ranar.