Taswirar da ba ta da hanya

Yau a Ingila tsofaffin taswirorin gundumomi sun zama kayan ado, a saya a sa a firam a rataye a falo. Ni kuwa a ganina takardun mulki ne, kuma da wannan idon ya kamata a karanta su.

Ku ɗauki aikin Christopher Saxton, mutumin Yorkshire. Na farko cikin taswirorinsa suna ɗauke da shekarar 1574, a 1579 kuma aka haɗa su kundi guda: taswira 34 ta gundumomi, da ɗaya ta Ingila da Wales baki ɗaya. Wa ya ɗauki nauyi? Thomas Seckford, babban jami'i a fadar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Shi ya sa tambarinsa da na sarauniya suke zaune daram a kan takardun. Da Saxton zai shiga Wales a 1576, majalisar sarauniya ce ta ba da umarni a riƙa kai shi kan hasumiya da ganuwa da tudu don ya hango ƙasa, a kuma haɗa shi da mahayin doki mai jin harshen Wales da Turanci. Wanda ba a buƙatar aikinsa ba a yi masa wannan hidima.

To ku matsa kusa ku duba. Ga koguna da gadoji, ga tuddai kamar an jera tulin ƙasa, ga coci-coci a matsayin ƙauyuka, ga gandun barewar masu sarauta, kowanne an zagaye shi da shingensa tsaf. Amma hanya? Babu ko ɗaya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Falke ko mai kora shanu zuwa kasuwar Landan ba shi da rabo a ciki, domin ba don matafiyi aka yi ba, an yi ne don mai zaune a fada yana son sanin abin da ke hannunsa.

Lord Burghley, na hannun daman sarauniya, ya riƙa karɓar kwafin gwaji tun kundin bai kammala ba. Ya rubuta sunayen alƙalan sulhu na gundumomi, ya lura da gaɓar tekun da maƙiyi zai iya sauka. Ba tsoron banza ba ne, don a 1588 jiragen ruwan yaƙin Sifen sun taso wa Ingila.

Ban raina gwanintar Saxton ba ko kaɗan, mutumin da ya karaɗe ƙasa cikin 'yan shekaru, har John Speed ya dogara da aikinsa a nasa kundin na 1611. Amma sai a 1593 John Norden ya saka hanyoyi a taswirarsa ta Middlesex, shekara 14 bayan kundin Saxton.