Wurare shida a Littafi Mai Tsarki, da rikicin da ya iso Jalingo

A watan Mayun 2024, babban taron cocin United Methodist a birnin Charlotte na Amurka ya goge jimlar da ke cikin kundinsa tun 1972, wadda ta ce luwaɗi bai dace da koyarwar Kirista ba. Ba a yi wata uku ba Bishop John Wesley Yohanna, shugaban cocin a Najeriya, ya tattara nasa ya nasa daga Jalingo ta jihar Taraba ya koma Global Methodist, cocin masu riƙe da tsohuwar koyarwa da suka ɓalle daga United Methodist. Aka shiga ja-in-ja kan majami'u da kadarori, har a watan Disamba jini ya zuba a Karim Lamido. Mutanen da suka yi shekaru suna zama kan benci ɗaya ranar Lahadi suka daina gaisawa.

Wuraren da ake gardamar luwaɗi a kansu a Littafi Mai Tsarki shida ne kacal: Farawa 19, Littafin Firistoci 18:22 da 20:13, Romawa 1:26-27, 1 Korintiyawa 6:9, sai 1 Timoti 1:10.

Masu neman sauyi suna da hujja ɗaya mai nauyi, kuma ban ga amfanin ɓoye ta ba. Labarin Saduma, in ka karanta shi a tsanake, labarin taron 'yan gari ne da suka kewaye gidan Lutu suna neman yi wa baƙinsa fyaɗe. Annabi Ezekiyel kuma, a 16:49, da ya zo lissafa laifin Saduma, girman kai ya ambata, da ƙoshi, da ƙin taimakon matalauci. Sau nawa ka ji an ɗauko wannan ayar a wa'azi? Ni dai da wuya.

Amma daga nan ƙafarsu take fara santsi. Sukan ce Bulus, marubucin wasiƙun Romawa da Korintiyawa, na magana ne kan karuwanci da lalata da yara a zamanin Rumawa, bai san zaman amana tsakanin maza biyu ba. To, kalmar da ya yi amfani da ita a Korintiyawa, arsenokoitai, haɗin kalmomin Helenanci biyu ce, "namiji" da "shimfiɗa", kuma su biyun suna kusa da juna a fassarar Helenanci ta Firistoci 20:13, wadda Bulus ya tashi yana karantawa. Da kyar a ce dacewa ce kawai. A Romawa kuma ya haɗa har da mata, abin da batun lalata da yara maza ba zai iya bayyanawa ba. A ganina, fahimtar da ikilisiya ta gada ta fi tsayuwa a kan nassin. Malamai da yawa masu goyon bayan auren jinsi ma sun yarda da haka, sai dai su ce zamani ya wuce Bulus. Wannan aƙalla magana ce a fili, gardamar ta koma kan ikon Littafin kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a Taraba ba a kan wannan ake faɗa ba. Waɗanda suka tsaya a United Methodist sun sha nanata cewa ba su yarda da auren jinsi ba, dokar Najeriya ta 2014 ma ta haramta shi. Kenan ɓangarorin biyu fassara ɗaya suke yi wa Romawa 1. Abin da ya raba su shi ne suna a allon ƙofa, da takardun fili, da makullin ofis a Jalingo.