Ka duba faratan Baba kuwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tsoho a kwance a gida, da ma waɗanda aikinsu shi ne kula da tsofaffi a gidajen gajiyayyu, da ku nake yau.

Muna sayen magani, muna tura kuɗin asibiti, Allah ya saka da alheri. Amma je ka ɗaga hannun Baba ko Inna ka dubi faratan, wallahi wani sai ka ji kunya, sun yi zaƙo-zaƙo datti ya cika ƙarƙashinsu, kuma da hannun nan yake soshe jiki har ya ji wa kansa ciwo, da shi yake kai lomar tuwo baki. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ma ya fi ban tausayi, hannun a dunƙule yake, farcen na nutsewa cikin tafi, gumi ya taru wurin ya fara wari ba wanda ya lura.

Annabi (SAW) ya lissafa yanke farce cikin abubuwa biyar na fiɗira, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Anas (RA) kuma ya ce an ɗiba wa sahabbai lokaci kada a bar farce ya wuce kwana 40. To bawan Allah da ko kofi ba ya iya riƙewa, wa zai cika masa wannan sunnar in ba kai ba?

Farcen tsoho kauri gare shi, na ƙafa musamman, sai ka jiƙa a ruwan ɗumi kamar minti 10 tukuna ya yi laushi. Na ƙafar a yanke shi a miƙe, kar a bi gefe ana ƙwaƙulewa, haka ne yake shiga nama. A tsane tsakanin yatsu da tawul sosai. In mai ciwon suga ne don Allah a ajiye reza, da yawansu ba sa jin zafi a ƙafa, ɗan yanka kaɗan sai ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, in farcen ya gagara a kai wa ma'aikatan lafiya. Almakashin mai yankan farce na yawo kuwa da ya taɓa jinin mutane barkatai, ciwon hanta na bi ta nan, a saya masa abin yankansa shi kaɗai, nawa yake?

Sai fuska. Wani zai yi aikin amma yana yatsina yana tsaki, alhali a Suratul Isra'i ko "uf" Allah ya hana a ce wa iyaye. Yi sallama, ka ce Baba kawo hannun in gyara maka, ku yi ta hira kana yi. In wanka ne a rufe ƙofa a kori yara, a lulluɓe masa al'aura, inda ake wankewa kawai za a buɗe.