Kafin ka buɗe baki a zauren intanet

Assalamu alaikum. Ƙannena, wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya aka saka wani matashi a guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai. Ko awa ɗaya bai yi ba ya turo saƙon murya har huɗu, da tallar data, da wani dogon rubutu wai a tura wa mutum goma. Kafin la'asar, wani dattijon likita da muke tuntuɓa duk lokacin da ciwo ya tashi a gidajenmu ya fice bai ce uffan ba. Shi kuwa yaron bai ma san ɓarnar da ya yi ba.

Da yawanku kun ɗauka da Facebook aka fara hira a intanet. A'a. A 1979 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka tsara abin da aka kira Usenet, ya fara aiki a 1980. Ba shi da mai gida ɗaya. Kwamfutar wannan jami'a ce take kiran ta waccan ta layin tarho, galibi da dare lokacin da kuɗin waya ya yi sauƙi, su yi musayar sababbin saƙonni. Ita ma waccan ta miƙa wa maƙwabciyarta, kamar yadda fatake ke ɗaukar labari daga kasuwa zuwa kasuwa. An raba wurin zaure-zaure, kowane da maganarsa: na kimiyya sunansa ya fara da sci, na kwamfuta da comp, na zamantakewa da soc. Ka rubuta tambaya a zauren da ya dace, amsoshi su jeru a ƙarƙashinta, duk mai wucewa ya karanta. Wato imel wasiƙa ce a ambulan, wannan kuwa takarda ce aka manna a bangon kasuwa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ladabinsu. Sabon shiga ana so ya zauna ya yi ta karatu na ɗan lokaci bai tofa komai ba, har ya gane yadda mutanen wurin ke magana. Zauruka da dama suna da takardar tambayoyin da aka saba yi da amsoshinsu, don kada ka tayar da mutane kan abin da aka amsa sau ɗari. Ashe ba haka aka rene mu ba? Yaro ya iso majalisar manya, ya yi sallama, ya cire takalmi, ya sami gefen tabarma. Duk watan Satumba, lokacin da jami'o'i ke fara sabuwar shekarar karatu, sababbin ɗalibai kan shigo da hayaniyarsu, tsofaffin hannu su yi haƙuri su koya musu, bayan 'yan makonni ƙura ta lafa. Daga 1993 zuwa 1994 kamfanonin intanet irin su AOL suka buɗe wa jama'a ƙofar Usenet, baƙi suka rinjayi masu koyarwa, har aka riƙa cewa Satumbar da ba ta ƙarewa ta zo. A cikinta aka haife ku, shi ya sa ban ga laifinku gaba ɗaya ba. Amma yanzu kun ji.

Ku dubi misalai biyu. A 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki, Linus Torvalds, ya shiga zauren comp.os.minix ya yi ɗan gajeren bayani kan manhajar da yake haɗawa, ya nemi shawara. Ita ce Linux, wadda Android ɗin wayar hannunka ke zaune a kanta yau. A Afrilu 1994 kuma wasu lauyoyi biyu a Arizona, miji da mata, Canter da Siegel, suka watsa tallar cacar girin kad, wato takardar izinin zama a Amurka, a dubban zauruka lokaci guda, har da waɗanda ba ruwansu da shige da fice. Har gobe idan ana tarihin saƙonnin shara sai an ambace su.

Kuma rubutun bai mutu ba. Wani kamfani, Deja News, ya fara tara shi a 1995, Google ya saye rumbun a 2001, ya haɗo har da na 1981. Mutanen da suka yi zagi suna samari suka wayi gari da furfura, zagin na nan da sunansu. Magana zarar bunu ce, ta rubutu kuwa ta fi, domin kafin ka goge wani ya ɗauki hotonta.

Don Allah idan an saka ka a sabon guruf, ka yi kwana uku kana karatu. Ka duba ko an riga an amsa tambayarka. Tallarka ka kai ta inda ake talla, kuma abin da ba ka tabbatar ba kada ka tura. Mu dai mun kira likitan nan sau biyu muna ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma har yau bai dawo ba.