Yadda ya kamata a auna filin golf a ƙasar da ba ta da kogi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a Jidda, kuma a aljihun jakar sandunana akwai wani ɗan littafi da nake rubuta sunan duk filin golf da na taka, da ranar da na je, da yawan bugun da na yi, da makin da na ba filin daga 1 zuwa 10. Ni ɗan sha'awa ne, ba da wasan nake cin abinci ba, kuma ranar da hannuna ya yi kyau nakan gama ramuka 18 da bugu 90 ko kusa da haka, inda ƙwararru ke gamawa da 70. Da na fara wannan rubutu, abin da mujallu da shafukan intanet ke dubawa shi nake dubawa, wato laushin ciyawa da kyan gani da wuyar fili. A yanzu na sauya ma'auni, kuma ina ganin duk wanda ya damu da makomar wasan a Saudiyya ya kamata ya sake duban nasa.

Maki mafi girma da na taɓa bayarwa a ƙasar nan filin Royal Greens na ba, wanda ke Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, fiye da kilomita 100 arewa da Jidda, inda jirgin ƙasan Haramain ke tsayawa a kan hanyarsa ta zuwa Madina. A nan aka fara gasar Saudi International a 2019, Ba'amurke Dustin Johnson ya lashe ta, ya kuma sake lashewa a 2021. Raminsa na 16 gajere ne, bugu uku aka ƙayyade masa, amma yana bakin Bahar Maliya, kuma da zarar azahar ta wuce iskar teku takan taso har rigar mutum ta riƙa kaɗawa yana tsaye a kan ƙwallo. Na tsaya a wurin ina sauya sanda har sau uku kafin in buga, ƙwallon ta tashi kamar za ta sauka daidai, sai iska ta ɗauke ta. Duk da haka na rubuta 9, domin fili ne da aka tsara da hankali, kuma duk inda ya hukunta ka sai da ya nuna maka haɗarin tukuna.

Akwai ma'auni na hukuma, kuma ban raina shi ba. Tun 2020 hukumomin nan biyu da ke kula da dokokin wasan, R&A ta Sikotland da USGA ta Amurka, suka haɗa duniya a kan tsari ɗaya na auna ƙarfin ɗan wasa, inda ake ɗaukar sakamako 8 mafi kyau daga wasanninsa 20 na baya-bayan nan. Kowane fili kuma yana da lambar da ke nuna yadda yake wahalar da matsakaicin ɗan wasa idan aka kwatanta da gwani, daga 55 zuwa 155, inda 113 ke matsayin tsaka-tsaki. Wannan tsari ne ya sa wanda ya saba wasa a Abuja zai iya zuwa Riyad ya kara da baƙo cikin adalci. Amma iyakarsa ke nan, wuyar fili yake aunawa. Tambayoyi biyun da suka fi damuna a yanzu ba su cikin lissafinsa: wane ruwa filin yake sha, kuma wa ake bari ya shiga?

Maganar ruwa a nan ba ta ado ba ce. Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya da ke gudana duk shekara, kuma ruwan da ke zuwa famfunanmu a Jidda da Makka da Ɗa'if mafi yawansa daga teku ake tace shi, a manyan tashoshi irin ta Shu'aiba, da wuta mai tsada. Ƙasar ta riga ta ɗanɗana sakamakon shayar da hamada ba da lissafi ba: a shekarun 1980 ta tallafa wa noman alkama har ta kai ga sayar wa ƙasashen waje, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya taru cikin dubban shekaru ya yi ta ja da baya, abin da ya sa a 2008 gwamnati ta yanke shawarar janye hannu daga shirin a hankali. Saboda haka idan na je sabon fili, kafin in yaba koren ciyawa nakan nemi mai kula da ban-ruwa in tambaye shi daga ina ruwan yake. Idan ruwan da gari ya yi amfani da shi ne aka sake tacewa, kuma ciyawar irin mai jure gishiri ce kamar faspalam, nakan ƙara maki. Idan rijiyar burtsatse ce ake zuƙa dare da rana, nakan rage, komai kyan wurin. Nakan kuma duba ko an bar gefen hanyar ƙwallo a hamadarsa, ko kuwa an shimfiɗa ciyawa har inda ba mai bugawa, don kawai hoto ya yi kyau.

A nan ne tunanina ke komawa inda na fara. A gida ana kiran wasan ƙwallon lambu, amma filin da na koya a arewacin Najeriya, ina yaro mai ɗaukar wa manya jaka, ba shi da lambu ko kaɗan a lokacin rani. Farfajiyar kowane rami rairayi ne da aka tankaɗe aka cuɗa da mai, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, kuma idan rana ta take warinsa kan tashi. Kafin a yi bugun ƙarshe sai wani ya ja buhu ko falankin katako daga ƙwallo zuwa rami ya share hanya, ta yi sumul, kana ganin sawun ƙwallon wanda ya riga ka kamar zare a kan ƙasa. Haka aka daɗe ana wasa a tsofaffin filayenmu, irin na Rayfield da ke Jos wanda ya samo asali tun 1913. Haka kuma wasan ya fara a Saudiyya kanta, domin ma'aikatan kamfanin mai na Aramco a Zahran sun shafe shekaru masu yawa suna wasa a kan rairayi mai mai, kowa na yawo da guntun ciyawar roba da zai ɗora ƙwallo a kai. Har gobe a garin Coober Pedy na Ostareliya akwai filin da ba shi da ciyawa, kuma mutanen garin suna alfahari da shi.

Na san aibin wannan hanya, baƙin mai yana gurɓata ƙasa, kuma ba zan ce a koma masa ba. Samo abin da zai maye gurbinsa aikin injiniyoyi ne, kuma ƙaramin aiki ne a ƙasar da ke mayar da ruwan teku abin sha. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka mayar da filin rairayi abin kunya, kamar tsohuwar riga da ake ɓoyewa idan baƙi sun zo, alhali shi ne kaɗai filin da kuɗin gina shi da kula da shi zai bari a ce wa yaron unguwa ya shigo da abin da bai wuce kuɗin shayi ba.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko yi mini ciwo. A tawagar da Saudiyya ta kai gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha akwai 'yan wasa uku masu laƙabin Hawsawi, wato laƙabin masu asalin Hausawa, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. Wannan bai faru da ƙaddara kawai ba, ƙwallon ƙafa tana nan a kowane lungu na Makka da kudancin Jidda, ba ta buƙatar komai sai ƙwallo ɗaya da duwatsu huɗu a matsayin raga. Golf kuwa tana bayan shinge, a nesa da gari, sai mai mota da sanduna da tufafin da aka ƙayyade. Na taɓa ɗaukar ɗan wani amini na, yaro ɗan shekara 13 haifaffen Jidda, zuwa wani fili a wani birnin yankin nan da ba zan ambaci sunansa ba. Mai gadi ya leƙo cikin mota, ya dube mu, ya nuna mana ƙofar ma'aikata tun kafin in buɗe baki. Na nuna masa takardar da na kama lokaci da ita, ya ba da haƙuri, muka wuce. Amma da muka sauka yaron ya riƙe hannuna ya ce, "Kawu, irinmu suna yin wannan wasan kuwa?" Ciyawar filin ba ta da aibi, sai dai makin da na rubuta masa a ranar 4 ne.

Masu kare tsarin da ake kai suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa manyan filaye da manyan gasa su ne ke jawo masu yawon buɗe ido da kuɗin shiga, su ne kuma ke sa matashi ya ga gwanaye da idonsa har sha'awa ta kama shi. Gasar ƙwararru ta LIV da Asusun Zuba Jari na gwamnatin Saudiyya ya fara ɗaukar nauyinta a 2022 ta sa duniya ta san da Saudiyya a wasan, har aka buga zangonta na Riyad da dare a ƙarƙashin fitilu a watan Fabrairun 2025. Usman Almulla ya zama ɗan ƙasar na farko da ya shiga sahun ƙwararru a 2019, kuma a 2020 aka yi gasar ƙwararrun mata ta farko a ƙasar. Suna kuma cewa wanda zai yi fice dole ne ya saba da ciyawa, domin a kanta ake gasa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai sha'awar da aka tayar wa yaro a talabijin, idan bai sami inda zai riƙe sanda a kusa da gidansu ba, mutuwa take yi cikin mako guda. Kuma kafin a yi maganar wanda zai yi fice, sai an sami dubban da suka fara, tunda da yawa ake zaɓen gwani.

Ko a inda wasan ya samo asali ba a ɗauke shi kayan masu hali kaɗai ba. Tsohon filin St Andrews da ke Sikotland, wanda ya tsayar da adadin ramuka 18 tun 1764, ƙasar jama'ar gari ce, kuma yawancin ranakun Lahadi ana dakatar da wasa a bar mutane su yi yawo a kansa da iyalansu. Idan filin da ya fi kowanne daraja a duniya zai iya buɗe ƙofa haka, ban ga abin da zai hana hukumar golf ta Saudiyya da hukumomin birane su ware fegi a gefen unguwannin kudancin Jidda da Makka da Madina ba, a yi ramuka shida ko tara na rairayi, a sa fitilu saboda zafin rana, a tanadi wurin alwala da sallah, a ajiye sandunan aro, a kuma ɗauki tsofaffin masu ɗaukar jaka su koyar.

Yaron nan bai jira hukuma ba. Bayan mako biyu ya kira ni zuwa wani kango a bayan gidansu, inda shi da abokansa huɗu suka tsince duwatsu, suka tankaɗe rairayi da tsohuwar rariya, suka binne gwangwanin madara guda uku. Ya tambaye ni faɗin rami na ƙa'ida, na ce masa milimita 108, ya kawo abin awo na makaranta ya gwada, ya ce nasu ya ɗan gaza, za su nemi gwangwanin tumatir babba. Na ba su tsofaffin sanduna biyu da ƙwallaye shida, muka yi wasa har aka kira magariba, kuma da na koma gida na rubuta kangon a littafina, a ƙasan sunan Royal Greens, da ranar da yawan bugun da na yi.