Likitan nake tsoro, ba dodon ba

Daren jiya wani abokina ya tarar da ni ina kallon fim ɗin 1957 a waya. Ya leƙo, ya ga jini ja wur kamar an zubar da zoɓo, ya kwashe da dariya. "Wai wannan ne abin tsoron?" Ban yi masa musu ba. In dai dodo kake nema wanda zai sa ka zabura ka yar da waya, kada ka ɓata datarka a kan tsofaffin finafinan Ingila na likitocin da ake ce wa mahaukata.

Fim ɗin shi ne The Curse of Frankenstein na kamfanin Hammer, wanda Terence Fisher ya ba da umarni. Christopher Lee ne dodon, fuskarsa kamar an kwaɓa fulawa an manna masa, domin kamfanin Universal na Amurka ke riƙe da haƙƙin kamannin dodon fim ɗinsu na Frankenstein na 1931, dole suka ƙirƙiro nasu. Ni dai ba don Lee nake komawa ba. Don Peter Cushing ne.

Likitan da Cushing ya fito a matsayinsa, wato Frankenstein da ya ƙirƙiro dodon, ba ya ihu, ba ya zare ido. Mutum ne mai tsafta, mai ladabi, muryarsa a hankali. Ya gayyaci wani dattijon farfesa gidansa, ya karrama shi, sannan ya tunkuɗo shi daga saman bene saboda ƙwaƙwalwarsa yake so. 'Yar aikin gidan, wadda ta ce ya yi mata ciki kuma za ta tona masa asiri, ya kulle ta ɗaki ɗaya da dodon. Da gari ya waye sai ga shi a teburin karin kumallo, hankalinsa kwance, yana neman a miƙo masa abin shafa wa burodi. Wallahi wannan wurin ya fi duk jinin fim ɗin tayar mini da tsikar jiki.

A fim ɗin da ya biyo baya a 1958, The Revenge of Frankenstein, abin ya ƙara muni. Likitan ya sauya suna, ya buɗe asibitin talakawa kyauta, ana ta sa masa albarka, alhali hannuwa da ƙafafun da yake yanke musu su ne kayan aikinsa. Kura ce da fatar akuya.

Kuma Turawan ba daga sama suka tsinto wannan fargabar ba. A 1828, a birnin Edinburgh, wasu mutum biyu, Burke da Hare, sun kashe mutum 16 suna sayar da gawarwakin ga Dakta Robert Knox, malamin da ke feɗe gawa a gaban ɗalibai. Mafi yawansu marasa galihu ne, waɗanda ba mai cigiyarsu. An rataye Burke a 1829, aka feɗe tasa gawar, ƙasusuwansa na nan har yau a jami'ar garin. Hare ya ba da shaida aka sake shi. Knox kuwa, mai sayen kayan, ko gurfanar da shi ba a yi ba. Cushing ɗin dai shi ya fito a matsayin Knox a The Flesh and the Fiends na 1960. Shi ya sa kalmar "mahaukaci" ba ta kwanta mini ba. Knox da hankalinsa ras. Kawai bai ga dalilin tambayar inda aka samo gawar matalauci ba.

To amma kada son abu ya rufe mini ido. Ƙarancin kuɗi a fili yake: gida ɗaya ne kamfanin Hammer ke da shi a ƙauyen Bray, bakin kogin Thames, ake ta jujjuya shi, daji ɗaya, dare kuma da rana tsaka aka ɗauke shi har kana ganin inuwa. Wannan na yafe, har daɗi yake mini. Abin da ban yafe ba shi ne yadda suke yi da mata. Aikinsu ihu da suma da buɗe ƙirji. A Frankenstein Must Be Destroyed na 1969 sai da aka cusa wurin fyaɗe wanda ba ya cikin labarin tun farko, Cushing da Veronica Carlson, 'yar wasan da aka yi wurin da ita, duk ba su so ba, kuma bayan ya wuce babu wanda ya sake ambatonsa a fim ɗin. Haka masu taɓin hankali na gaskiya, an mayar da su kayan ado, suna gwalo a bayan ƙarfuna.

Abin haushin, a wannan fim na 1969 ne kuma aka yi wurin da na fi so. An dasa ƙwaƙwalwar wani likita a jikin wani mutum daban. Ya farka, ya lallaɓa ya koma gidansa, ya ɓuya yana yi wa matarsa magana don kada ta ga baƙuwar fuska da ɗinki zagaye da kai. Yana tuna komai na zamansu, ita kuwa ta ƙi shi. Freddie Jones ne ya yi wasan, ba gurnani ba komai. Ƙarshe ya cinna wa gidan wuta, ya saɓi Frankenstein, likitan da ya yi masa wannan aika-aika, ya shiga da shi ciki.

A fim ɗin 1974, Frankenstein and the Monster from Hell, sai ga likitan Cushing ya dawo da ransa, hannayensa a ƙone, yana riƙe jijiyar wani da haƙora don a ɗinke.